Nazarin kasuwanci: Horo a Kano, aiki a Legas?

Tun da gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a shekarar 2023, domin koya wa mutum miliyan 3 fasahar zamani, ciki har da nazarin alƙaluma, wasu masu digiri ke tunanin komawa aikin nazarin kasuwanci.

Aikin dai shi ne bin diddigin harkokin kamfani, a gano inda yake tafka asara, a ba shi shawara.

Ga matashin Tofa, horo ba shi ne babbar matsala ba, tunda Jami'ar Bayero na kusa. Matsalar ita ce wa zai ɗauke shi aiki.

Bankuna da kamfanonin sadarwa da suka fi buƙatar irinsa, galibi hedkwatarsu na Legas. A kasuwar hatsi ta Dawanau kuwa, da ke maƙwabciyar ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, ana juya maƙudan kuɗi, amma yawancin cinikin bisa amana ake yi, lissafin kuma yana kan mai kaya ko cikin ɗan littafinsa.

Sai matashin ya fara shawo kan Alhaji ya buɗe masa wannan littafi, wanda wani attajirin ko ɗan cikinsa ba ya nuna wa.