Ya Tafi Bama, Bai Dawo Ba

Wani abu ya tsaya mini a rai. Wani malamin makaranta ɗan Birnin Gwari, mai bibiyar wannan fili, ya aiko mini da saƙo yana neman in taya shi gano yadda ƙanen kakansa ya mutu. Abin da gidansu suka riƙe bai wuce magana ɗaya ba: an ɗauke shi soja lokacin yaƙin Hitila, ya tafi ƙasar Bama, bai dawo ba. Ba hoto, ba lambar soja. Ko harsashi ne, ko zazzaɓi, ko ruwa ne ya ci shi, Allah masani. Tsohuwar da ta san fuskarsa ta rasu kafin wani ya yi tunanin ya zauna ya tambaye ta.

Na ce masa, Malam, fara da shafin intanet na hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila. A maƙabartar Taukkyan, kusa da birnin Yangon na ƙasar Bama, akwai ginshiƙai ɗauke da sunayen sojoji kusan 27,000 waɗanda ba a san inda kabarinsu yake ba, kuma da namu a ciki. Ana iya neman kowane suna a waya, sai ya fito da muƙami, da lamba, da bataliya, da ranar mutuwa.

Nan wahalar take. Akawun da ke rubuta kurtu a wancan zamani bai cika damuwa da sunan uba ba. Sunan yanka da sunan gari, shi ke nan: wane Kano, wane Sakkwato, wane Zariya. Yaron da ya fito daga wani ƙauye a bakin dajin Kamuku yana iya shiga littafi da sunan garin da aka ɗauke shi, rubutun kuma yadda kunnen Bature ya ji. Sai ka tarar da Audu a jere, kowanne zai iya zama naka.

Amma in Allah ya sa ka dace da bataliyar, ka samu bakin zaren. Wanda ya mutu a 1944 yana bataliya ta 6, ko ta 7, ko ta 12 ta rundunar Nijeriya, yana cikin waɗanda aka haɗa da dakarun Chindit na Janar Wingate, aka kai su ta jirgin sama can bayan sansanonin Japan. Ɗan bataliya ta 4 yana tare da runduna ta 81 a kwarin kogin Kaladan, inda mota ba ta shiga. Abinci da harsashi daga sama ake jefo su, sauran aikin kuma ’yan dako ne ke yi da ka, su hau tudu su sauka cikin taɓo, da yawansu ba bindiga a hannu. Runduna ta 82 ita ta biyo baya, aka ƙwace Myohaung a watan Janairun 1945. Kuma Hausa na cikin yarukan bariki a tafiyar nan.

Kullum muna wuce waɗannan sunaye ba mu sani ba. Barikin Chindit na Zariya, inda Daffo yake, daga can sunan ya zo. Haka Kalapanzin a Kaduna, haka Myohaung a Legas. Tambayi ɗalibin jami’a me ake nufi da su, zai ce maka wataƙila sunan wani Bature ne. Ba laifinsa ba ne. Shekara fiye da goma aka yi an cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare, na yi ta faɗa a nan har wasu suka ce na cika naci. Ga ribar nan muna girba.

Na san za a ce yaƙin Turawa suka yi, kuma irin wannan rundunar ce ta ci Kano da Sakkwato a 1903. Gaskiya ne, amma uwar da ta yi ta jiran ɗanta ba ta haifa wa Sarkin Ingila shi ba.

Su kansu Turawan ba su wanke ba. A watan Afrilun 2021 wani kwamiti na hukumar kaburburan ya bayyana cewa aƙalla mutum 116,000, yawancinsu ’yan Afirka da Asiya da suka mutu a yaƙin duniya na farko, ba a rubuta sunayensu ko’ina ba, har ministan tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi gafara a majalisa. Sun makara, amma sun ƙirga, sun ji kunya. Mu fa?

A watan Maris na 2018 ’yan bindiga suka kashe sojoji 11 a Kamfanin Doka, a nan ƙasar Birnin Gwari, aka binne su a Kaduna. Wannan ba zamanin Hitila ba ne, kowa na da waya a aljihu. To, mai karatu, faɗi sunan mutum ɗaya daga cikinsu. Ɗaya kawai. Daga wane gari ya zo? Ya bar mata? ’Ya’yansa suna makaranta? Bayan su sojoji da ’yan sanda da ’yan sa-kai sun ci gaba da faɗuwa a hanyar Kaduna da hanyar Funtuwa, kowanne ya zama adadi a labaran rediyo, washegari a manta. Duk ranar 15 ga Janairu manya su sa fararen kaya, su ajiye furanni, su saki tattabaru don tunawa da ’yan mazan jiya. Tunawa da wa? Wanda ba ka san sunansa ba ta yaya za ka tuna da shi? Wannan biki ne na masu rai, don a ɗauke su hoto.

Tun da aka yi sulhu da ’yan bindiga a ƙarshen 2024 kasuwar kara ta buɗe, motoci na bin hanya, mun gode Allah. Amma in za a yafe wa wanda ya harba, mafi ƙarancin adalci shi ne a rubuta sunan wanda aka harba.

Ina roƙon fadar Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari da ƙaramar hukuma su sa hakimai da dagatai su tattaro sunayen nan gida-gida, daga na Bama har zuwa na Doka, a rubuta su a bango inda kowa zai gani. Kuɗin bai kai na walimar rantsar da kansiloli ba. Kai kuma da ke da tsoho a gida, kunna wayarka yau ka ɗauki muryarsa, ka tambaye shi wa ya tafi bai dawo ba.