Sa Zuciya: Addu'ar da Ke Jiran Amsa

Ɗalibin Hausa da ya zauna a majami'a ranar Lahadi, a Maraɗi ne ko a Garwa ko a wani zango na Kumasi, zai ji kalmomin da ya saba ji a kasuwa sun ɗauki wani nauyi dabam. Ta farko ita ce bangaskiya, wadda asalinta “ba da gaskiya” ne, wato mutum ya miƙa yardarsa ga maganar wani. Ta biyu ita ce bege, wadda a bakin yawancin Hausawa take nufin kewar wanda ake ƙauna, amma Kirista suka ɗora mata ma'anar jiran alherin da Allah ya alkawarta. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, wanda Dakta Walter Miller na Zariya ya yi babban aiki a kansa, shi ya kafa wannan kalma a bakin masu sujada. Fassarar da ta biyo baya ta fi karkata ga “sa zuciya”, kuma wannan ita ce kalmar da ta fi fito da abin da ake magana a kai a nan.

Sa zuciya ta sha bamban da zato, domin mai zato bai tabbata ba. Ta fi fata ƙarfi, domin mai fata yana iya furta burinsa ya wuce abinsa. Wanda ya sa zuciya ga zuwan baƙo yakan share ɗaki, ya tanadi ruwa, kunnensa na ƙofa. A rayuwar Kirista haka ya kamata mai addu'a ya kusanci Allah. Addu'ar da ba ta sauya komai a shirin mai yin ta ba, ta rasa wani abu daga cikin bangaskiya, ko da kalmominta sun yi daɗin ji.

Littafin Ayyukan Manzanni, sura ta 12, ya ba da labarin da ya tona wannan rashi ba tare da ya ɓoye laifin masu bi na farko ba. Sarki Hirudus ya sa an kashe Yakubu ɗan'uwan Yohanna da takobi, da ya ga abin ya yi wa jama'a daɗi sai ya kama Bitrus. Aka sa sojoji 16 su yi gadinsa huɗu-huɗu, aka ɗaure shi da sarƙa biyu, yana barci tsakanin sojoji biyu. Ikkilisiya kuwa ta duƙufa da yi masa addu'a. Da dare mala'ika ya tashe shi, sarƙoƙin suka zube, ƙofar ƙarfe ta buɗe da kanta. Bitrus ya nufi gidan Maryamu, uwar Yohanna Markus, inda mutane da yawa suka taru suna roƙo dominsa. Wata baiwa mai suna Roda ta gane muryarsa, murna ta hana ta buɗe ƙofa, ta ruga ciki ta sanar. Masu addu'ar suka ce ta haukace. Da ta nace, sai suka ce ai mala'ikansa ne. Duk wannan lokaci Bitrus yana waje yana ta ƙwanƙwasawa.

Babu wanda zai ce mutanen nan munafukai ne. Sun bar barcinsu, sun taru a lokacin da taruwa take da haɗari. Amma sun riga sun ga an kashe Yakubu, sai zuciyarsu ta saba da amsa guda. Bakinsu yana roƙon kuɓutar Bitrus, ransu yana shirin makokinsa. Wannan hali bai ƙare da su ba. Ana samunsa a taron addu'ar Laraba inda ake jera buƙatu mako bayan mako, ba a kuma taɓa komawa a tambayi abin da ya faru da buƙatar makon jiya. Ana samunsa ga mahaifin da ke roƙon shiriyar ɗansa shekara da shekaru, amma ranar da yaron ya dawo da tuba, sai ya tarbe shi da tsohon zargi. Sau da yawa irin wannan sanyin gwiwa yakan sa rigar tawali'u, mutum ya ce ya bar wa Allah, alhali ya daina sauraron ƙofa ne.

Nassi bai yaba wa wannan hali ba. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, a sura ta 11 aya ta 6, ta ɗora wa mai zuwa wurin Allah sharaɗi biyu: ya gaskata Allah yana nan, ya kuma gaskata cewa neman sa ba ya tashi a banza. Sharaɗi na farko kusan kowa a ƙasar Hausa ya cika shi, Musulmi da Kirista. Na biyun ne ke da wuya, domin ya shafi halin Allah, wato ko shi mai kulawa ne da wanda ya zo gare shi. Mutanen da Yesu ya yaba wa bangaskiyarsu a Linjila sun cika wannan na biyun da ƙafafunsu. Matar da ta yi shekara 12 tana zubar jini, a Markus sura ta 5, ta kashe dukiyarta wurin masu magani, duk da haka ta kutsa cikin cunkoso don ta taɓa rigarsa. Bartimawus makaho, a sura ta 10, jama'a suka tsawata masa ya yi shiru, ya ƙara ɗaga murya, da aka ce ana kiransa kuma ya yar da mayafinsa ya tashi. A Tsohon Alkawari, Iliya ya durƙusa a kan Dutsen Karmel yana jiran ruwan sama bayan dogon fari, ya aiki baransa ya duba wajen teku har sau bakwai kafin a ga ɗan gajimare kamar tafin hannu. Aiken baran shi ma wani ɓangare ne na addu'ar.

Manomin Sahel ya san wannan darasi ba daga littafi ba. A yankunan da damina ke da gajarta, wasu sukan yi binne, wato su shuka gero a busasshiyar ƙasa kafin ruwan farko ya sauka. Irin da aka binne hatsi ne da za a iya dakawa a sha fura da shi a lokacin bazara, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa. Mai binne ba shi da takardar alkawari daga sama. Wata shekara yayyafi ya sa irin ya tsiro sannan ya ƙone, dole a sake shuka. Amma bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin hujjar barin noma ba. Wasiƙar Yakubu, a sura ta 5, ta ɗauki manomi mai jiran ruwan fari da na ƙarshe ta mai da shi misalin haƙurin mai bi, kuma haƙurin manomi haƙuri ne na wanda ya riga ya sa irinsa a ƙasa.

Akwai ƙorafi mai ƙarfi a kan wannan koyarwa, bai kuma kamata a yi masa rufa-rufa ba. Mutane da yawa sun sa zuciya, sun yi azumi, sun yi kuka, abin da suka roƙa bai zo ba. Uwar da ta binne ɗanta bayan ikkilisiya ta kwana tana addu'a tana da dalilin tambayar amfanin sa zuciyar da ta ƙare a maƙabarta. Abin ya fi muni inda wasu masu wa'azi suka mai da bangaskiya ciniki, suna cewa wanda ya ba da kuɗi kaza, ko ya furta kalma kaza da ƙarfi, lallai ne ya samu waraka ko arziki. Idan abin bai samu ba, sai a juya laifin kan mara lafiya, a ce bangaskiyarsa ce ta kasa. Ta haka ake haɗa wa mutum ciwo da zargi, wasu ma a hana su zuwa asibiti har lokaci ya ƙure.

Amsar tana cikin surar nan ta 12 da kanta. Yakubu ya mutu, Bitrus ya kuɓuta, kuma littafin bai ce ko'ina an fi yi wa Bitrus addu'a ba, ko Yakubu ya gaza a bangaskiya. Bulus ya roƙa sau uku a raba shi da abin da ya kira ƙaya a jikinsa, a Korintiyawa ta biyu sura ta 12, ba a cire ta ba, aka ba shi alherin ɗaukarta. Samari uku na Daniyel sura ta 3 sun gaya wa Nebukadnezzar cewa Allahnsu yana da ikon ceton su daga tanderu, suka ƙara da cewa ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba. Yesu da kansa a Getsamani ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ya miƙa wuya ga nufin Uba, aka kuma gicciye shi. Idan ƙarfin bangaskiya ne ke tilasta amsa, da wannan addu'a ce ta fi kowace cancantar samun abin da ta nema.

Saboda haka abin da Kirista yake sa zuciya gare shi Allah ne da kansa, mai ji kuma mai alheri. Siffar amsar tana hannunsa. Mai ciniki da Allah da mai sanyin gwiwa kuskurensu ɗaya ne, kowannensu ya riga ya yanke abin da Allah zai yi, ɗaya ya ce dole ya ba shi, ɗayan ya ce ba zai bayar ba. Mai sa zuciya yakan faɗi buƙatarsa a fili, da sunanta, ba tare da kewaye-kewaye ba, sannan ya zuba ido ko ta ina amsar za ta ɓullo. Uwar da ta yi rashi ba ta bukatar a ce mata bangaskiyarta ta kasa. Abin da ikkilisiya ke bin ta shi ne a zauna da ita, a ɗauke mata nauyin gida, a riƙe begen tashin matattu a madadinta har ranar da za ta iya riƙe shi da kanta.

Wani abin da ya faru a jihar Maraɗi ya nuna yadda amsa kan zo ta inda ba a zata ba. Tony Rinaudo, masanin noma ɗan Ostireliya da a wancan lokacin yake aiki da mishan ta SIM, ya yi shekaru yana dasa itatuwa a ƙasar da sara da fari suka mai da fili, yawancin dashen kuwa yana mutuwa. Kamar yadda ya sha ba da labari, wata rana a 1983 ya tsaya a hanya don ya rage iskar tayoyin motarsa saboda yashi, ya dubi ƙasar ya karaya, ya roƙi Allah ya buɗe masa ido ya nuna masa abin yi. Sai ya lura da wani ɗan kurmi da ya saba wucewa, ya matsa kusa, ya gane daga ganyensa cewa toho ne daga kututturen itacen da aka sare, saiwarsa na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Daga nan aka fara ƙarfafa manoma su bar 'yan rassa masu ƙarfi a kan kututturen kalgo da sabara da makamantansu, su rage sauran, maimakon su sare su duka kafin shuka. Hausawan yankin suka kira abin sassaben zamani. Manoma ne suka ɗauki aikin suka yaɗa shi gona zuwa gona, wasu ma dama sun san dabarar tun daga kakanninsu, har masu bincike suka ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 ta sake samun itatuwa a Nijar. Ba ruwan sama aka ƙara masa ba, ba kuɗi ba. Abin da ya nema yana gabansa tun farko, kuma da ya gama addu'ar ya shiga mota bai duba ba, da ya wuce shi kamar kullum.

Labarin ya kuma kawar da zargin cewa sa zuciya lalaci ne. Hausawa sun yi wa irin wannan lalaci suna tun da daɗewa, suka ce tsammanin warabbuka, malam ya ƙi noma domin zakka. Mai roƙon lafiya da gaske yakan je asibiti ya sha maganin da aka ba shi. Mai roƙon sulhu da ɗan'uwansa yakan ɗauki ƙafa ya je gaisuwa. Mai roƙon aiki yakan kai takardunsa. Ikkilisiyar da ke roƙon zaman lafiya da maƙwabtanta Musulmi takan je musu barka da salla da ta'aziyya, ta kuma karɓe su idan sun zo. A kowane ɗayan waɗannan, aikin shi ne shaidar cewa mai addu'ar yana jiran wani abu.

Akwai hanyoyi masu sauƙi da ikkilisiya ko iyali za su bi su raya wannan hali. A riƙa ambaton buƙata dalla-dalla, domin roƙon da ba shi da kan gado ba a iya gane ranar da aka amsa shi. A riƙa komawa kan abin da aka roƙa a baya, ko da a ɗan littafin rubutu ne, a ga wanda ya samu a yi godiya, a ga wanda bai samu ba a faɗi gaskiya a ci gaba da roƙo ko a karɓi hukuncin Allah. A kuma saurari ƙananan mutane. A gidan Maryamu, baiwa ce kaɗai ta gaskata abin da manya suka kwana suna roƙo, kuma da wani ya tashi ya bi ta zuwa ƙofa tun farko, da Bitrus bai daɗe a tsaye a titi ba, a daren da sojojin Hirudus za su iya farga su biyo sawunsa.

Ɗalibin da ya riƙe bambancin zato da fata da sa zuciya zai fahimci dalilin da ya sa masu fassara suka zaɓi ta ƙarshen. Kalma ce da ke ɗauke da jira da shiri a lokaci guda, ta kuma bar wa wanda ake jira ikon zaɓen lokacin zuwansa da hanyar da zai biyo. Kiristan da ya durƙusa da wannan hali yana iya samun abin da ya roƙa, kamar masu bi na gidan Maryamu, yana iya samun ƙarfin jure rashinsa, kamar Bulus. A kowane hali, abin da ake nema gare shi shi ne ya tashi daga addu'a yana sauraro, ya kuma buɗe idan aka ƙwanƙwasa.