Mangwaro Na Ruɓewa, Mu Kuwa Muna Sayen Minti

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Garwa kan haura digiri 40, mangwaro yakan cika kasuwa har ya rasa mai saye. Duk wanda ya ratsa babbar kasuwa da yamma, ko ya je Pitowa ran Lahadi, ya san abin da nake nufi: tuli ya nuna ya yi luguf, ƙudaje sun yi masa rumfa, mai shi ya karyar da kuɗi har ya gaji ya zubar. Haka tsokar kashu take ƙarewa a gonakin Sangere, a cire ƙwallon a bar sauran a ƙasa. Bayan wata uku kuma, mu ɗin nan ne a gaban kanti muna sayen minti da biskit da aka yo daga Duwala ko Legas. Sunan wannan sakaci, kuma mu Hausawan Garwa muka fi cancantar zargi, domin maganin abin yana cikin madafin iyayenmu mata.

Dafa sukari ilimi ne, kuma mun gaje shi. Macen da ke yin alkaki ta san ruwan sukarinta ya yi in ta taɓa shi tsakanin yatsu biyu ya ja zare. Mai alewa ya san dalilin zuba tsamiya ko lemun tsami, wato kada sukarin ya koma tsaki-tsaki. Nakiya takan yi watanni a ɗakin amarya ba ta canza ba, alhali babu firji. Sirrin ɗaya ne: sukari ko zuma in sun yi yawa sukan janye ruwan da ke cikin abinci, ƙwayoyin da ke ruɓar da shi su rasa abin rayuwa. Idan sukari ya kai kusan kashi biyu bisa uku na nauyin abin da aka dafa, lalacewarsa takan yi wuya. Tun kafin sukarin kanti ya iso, kakanninmu suna yin maɗi da ɗinya, suna dafa ruwan rake ya zama mazarƙwaila.

To me ya hana a yi wa mangwaro haka? A sami wanda ya ƙosa bai yi laushi ba, a feraye, a yanka, a ɗan tafasa, a jiƙa cikin ruwan sukari. Kullum a tsame, a ƙara wa ruwan sukari, a tafasa, a mayar, har kwanaki. Sannan a shanya ƙarƙashin kyalle mai tsabta, a birkiɗa shi cikin garin sukari. Da irin wannan aikin garin Apt na kudancin Faransa ya yi suna a duniya. Mu muna da ranar da ta fi tasu zafi. Sukari ma ba baƙo ba ne: kamfanin SOSUCAM na yin sa a Mbanjok da Nkoteng, ga kuma masana'antar Numan a gaɓar wannan kogin namu na Binuwai.

Masu raina kayan zaƙinmu suna da hujja biyu. Ta farko ƙazanta. Gaskiya ne akwai farantin alewa da ke yini a buɗe cikin ƙura, akwai kuma masu zuba kalar da ba wanda ya san asalinta. Wannan laifin mai talla ne, gyaransa murfi da wanke hannu da kwalba mai tsabta. Ta biyu ciwon sukari, kuma shi ma ba abin wasa ba ne. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kimanin giram 50 ga babban mutum. Amma abin dariya, mai wannan wa'azi sau da yawa yana riƙe da gwangwanin lemo, wanda shi kaɗai ya haura giram 30. Iyayenmu sun ajiye zaƙi ne don biki da salla da baƙo, ana gutsura kaɗan. Wanda ya koya wa yaro shan zaƙi safe da yamma kanti ne.

Akwai asarar da ta fi ta kuɗi. Mu 'yan tsiraru ne a nan, 'ya'yanmu na tashi da Fulatanci a unguwa da Faransanci a makaranta. Yaron da ya san bombom amma bai taɓa jin gullisuwa ko kantu ko tuwon madara ba, ya rasa kalma, ya kuma rasa hannun da ke yin abin. Ran da aka fara kai gara da katan-katan na biskit maimakon alkaki da dubulan, ran nan aka sallami wata tsohuwa daga sana'arta, ta tafi da iliminta ba mai karɓa.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyoyin matanmu masu adashi: kafin mangwaron baɗi ya nuna, a ware kuɗin buhun sukari ɗaya da kwalabe, a nemo tsofaffin da suka iya, a zaunar da 'yan mata gabansu. Iyayen amare kuma su mayar da aikin gara hannun matan unguwa, su biya su da daraja. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an buɗe tulun.