Bayan Ragon Suna, Sai Takardar Haihuwa

A shekarar 2019 gwamnatin ƙasar nan ta kafa hukumar ONECI domin tattara sunayen jama'a cikin kwamfuta, kowa da lambarsa. A 2020 kuma aka fara ba da sabon katin shaida mai ɗauke da zanen yatsu. Sai dai kwamfuta ba ta san yaron da ba a rubuta ba. Doka ta ba mu wata 3 mu sanar da haihuwa a ma'aikatar magajin garin da aka haifi yaro, Adjamé ce ko Treichville. In lokacin ya wuce, sai an bi ta kotu. Da yawanmu mukan yanka rago mu manta da takarda, har jarrabawar CEPE ta ƙarato. Wannan haƙƙin 'ya'yanmu ne a wuyanmu. Allah ya ba mu ikon saukewa.