A ba 'yan sakandare waya a ajin noma

Duk wanda ya taso a Funtuwa, Bakori, Ƙafur ko Malumfashi ya san yadda ake darasin noma a yawancin sakandarenmu. Malam ya zana masara a allo, ya jera sunayen taki da Turanci, yara su kwafa, su haddace don WAEC. Alhali yaran nan da an tashi makaranta gona za su wuce. Ni dai a ganina, a ba kowane aji waya ɗaya, a ce su haɗa bidiyon minti biyu da Hausa a kan abin da aka koya musu.

Ɗaukar hoton ba wani abu ba ne, kowa ya iya. Karatun yana wajen tacewa. Yaron da aka ce ya mayar da minti goma ya koma biyu a CapCut ko KineMaster, dole ya zauna ya tantance abin da za a bari da wanda za a zubar, kuma ba ya iya haka sai ya fahimci darasin. Ku ɗauki tsutsar masarar nan da ta ɓulla a Najeriya a 2016. Cikin zuciyar masara take ɓuya, ta bar kashi kamar dusar katako, shi ya sa ake so feshi ya shiga can ciki, da sassafe ko da yamma. Wanda zai nuna wannan sai ya duƙa, ya buɗe ganye, ya nemo ta, ya yi bayani da bakinsa. Hadda ba ta aiki a nan. In an gama, Xender ya ishe shi ya tura wa babansa, kafin ka ce me ya kai kasuwar Dandume.

Ba mu muka fara ba. Tun 2006 Digital Green ta soma sa manoman Indiya suna koyar da juna ta bidiyo, daga baya abin ya kai Habasha. Ga kuma NAERLS nan kusa a Samaru ta Zariya, aikinta ke nan kai wa manomi bayani.

Na san abin da iyaye da shugabannin makarantu za su ce: TikTok, satar jarrabawa, lalacewar tarbiyya. Wallahi suna da gaskiyarsu. To wayar ta zama ta makaranta, babu layi a ciki, tana hannun malami. Kada a ɗauki fuskar yarinya sai da yardar iyayenta. Kuma bayan abin da ya faru a Ƙanƙara a Disambar 2020, babu mai hankalin da zai bari a nuna ƙofar makaranta ko ɗakin kwanan ɗalibai. Ganye da hannu kawai muke so a gani.

Saura mu, 'yan'uwa. Mu nawa ne 'yan sashen jarida da kwamfuta da ke cinye watannin SIWES a benci, ana aikenmu sayo abinci? Ƙungiyar ɗalibai ta rubuta wa makarantu uku ko huɗu a yankin, ta haɗa ɗan jarida ɗaya da ɗan sashen noma ɗaya, su riƙa zuwa sau ɗaya a mako. Amma fa takardar ta fita kafin zango na uku, don a Yuni ake shuka, tsutsar kuwa 'yan makonni bayan tsiro take bayyana.