Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Abin Da Jarrabawar Tarihin Duniya Ta 'Yar Wana Ta Koya Mini

Yau ba sanarwar taro na kawo ba, ba kuma tunin kuɗin wata ba. Wata kunya na sha kwanan baya, na ga ya dace in kawo ta nan mu raba, domin ina zaton ba ni kaɗai ta shafa ba.

Wana yana zaune a Amurka da iyalinsa. 'Yarsa ta fari tana sakandare, tana shirin wata jarrabawa da suke kira AP World History, wato tarihin duniya mai zurfi da ake koya wa ɗan sakandare a matakin shekarar farko ta jami'a. Wani dare ta kira ni ta WhatsApp, ta ce: "Baffa, Abba ya ce kai ne masanin tarihin gidanmu. Me ya jawo kafuwar daular Sakkwato?" Na gyara zama, na fara zubo mata: 1804, hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, yaƙin Tafkin Kwatto, Sarkin Gobir Yunfa. Ta bari na gama, sannan cikin ladabi ta ce: "Baffa, duk wannan yana cikin littafi. Tambayar ita ce me ya sa talakawa da makiyaya suka bi Shehu, me ya canza bayan jihadi, me kuma ya ci gaba yadda yake." Jama'a, na yi shiru. Ni da difloma ta, ni da nake taƙama da tarihi a majalisa, yarinya 'yar shekara sha shida ta ɗaure ni da tarihin garinmu.

Daga ranar na zauna na binciki jarrabawar nan. Ra'ayin da na fito da shi guda ne: mai shirin jarrabawar tarihi da haddar shekaru kaɗai yana ɓata lokacinsa ne. Abin da ake nema shi ne yaro ya iya kafa hujja. Kuma wannan gaskiya ce ga 'yar wana a Amurka, gaskiya ce ga 'ya'yanmu da ke nan Sabo suna shirin WAEC da NECO.

Ga yadda jarrabawar take. Wata hukuma mai suna College Board ke shirya ta kowane watan Mayu. Manhajarta ta ɗauko daga shekarar 1200 zuwa yau, an kasa ta kashi tara. Ana zama awa uku da minti 15. Da farko tambayoyin zaɓi 55 a cikin minti 55, su ne kashi 40 cikin ɗari na maki. Sai gajerun tambayoyi uku a minti 40, kashi 20. Sai wadda ta fi ba yara tsoro: a ba ɗalibi takardu bakwai na tarihi, wasiƙa ko taswira ko hoto ko jawabin wani sarki, a ce ya karanta ya rubuta insha'i da su a cikin awa ɗaya, kashi 25. Ta ƙarshe dogon insha'i ne a minti 40, kashi 15. Sakamako daga 1 zuwa 5 ne, kuma jami'o'i da dama a can suna yafe wa wanda ya ci da kyau kwas guda, abin da ke rage wa iyaye kuɗin makaranta.

Ku duba lissafin nan da kyau. Kashi 60 na makin rubutun yaro ne da tunaninsa. Hatta tambayoyin zaɓin ma ba su zuwa tsirara, kowace tana rataye da wani nassi ko taswira da sai an karanta an fahimta.

Abin da ya fi girgiza ni kuwa shi ne ganin sunanmu a cikin manhajar. A kashin farko, wurin kafuwar dauloli a Afirka, an ambaci masarautun Hausa tare da Habasha da tsohuwar Zimbabuwe. A kashi na biyu akwai fataucin Sahara da daular Mali. A kashi na shida an kawo daular Sakkwato cikin misalan sababbin daulolin ƙarni na 19. Wato yaro a can ƙetare yana kwana yana nazarin Kano da Katsina, namu kuwa a nan da yawa ba za su iya lissafa Hausa Bakwai ba. Ba laifinsu ba ne kacokan. An cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a ƙasar nan wajen 2009, sai bayan kusan shekara goma aka fara dawo da shi. Waɗanda suka yi karatu a wannan tsakanin su ne ƙannenmu, wasunsu ma yanzu su ne malaman.

To, yaya ake shiri? Ga abin da na fahimta bayan makonni ina bitar darasi da yarinyar nan ta waya.

Na farko, a ɗaura abu da abu. Shekara ita kaɗai ƙusa ce da ba a rataya mata komai ba. Ɗauki 1324, hajjin Mansa Musa. Wanda ya haddace ya samu rabin maki. Wanda ya gane zai ce zinariyar Afirka ta Yamma ce ke ƙetare Sahara a bayan raƙuma, gishiri da littattafai da malamai na shigowa, kuma ta wannan hanyar ce Wangarawa suka iso Kano zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, har aka zo zamanin Muhammadu Rumfa da baƙonsa Al-Maghili da kasuwar Kurmi. Daga nan sai ya kwatanta da hanyar siliki da ta haɗa Sin da Gabas ta Tsakiya, wadda ta ɗauko kaya da ilimi, ta kuma ɗauko annobar da ta shiga Turai a 1347. Hanyoyi biyu, darasi ɗaya: inda fatake suka bi, addini da fasaha da cuta ma nan suke bi.

Na biyu, a koyi yi wa takarda tambaya. Wa ya rubuta? Wa yake rubuta wa? Me yake nema? A wane hali yake? Wannan bai kamata ya zama baƙo a wurinmu ba. Duk wanda ya zauna a zaure ya ji karatun hadisi ya san ba a karɓar magana sai an duba wanda ya ruwaito ta. Haka ake yi wa tarihi. Idan aka ba yaro rahoton Lugga kan cin Kano da Sakkwato a 1903, dole ya tuna mutumin yana kare kansa ne gaban iyayen gidansa a Landan. Idan aka ba shi bayanin Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851 ya yaba da saƙa da rini da girman kasuwa, ya tuna baƙo ne mai kallo daga waje. Haka nan littafin da masu jihadi suka rubuta kan sarakunan Haɓe, shi ma ɓangare guda ne ke magana. Wannan ba rashin kunya ba ne ga magabata, adalci ne.

Na uku, a saba da tambayar abin da ya canza da abin da ya tsaya. Nan ne na faɗi a gaban 'yata. Amsar da ya kamata in ba ta ita ce: an yi kuka da nauyin haraji da jangali da ƙwace da bautar da Musulmi, shi ya sa kiran Shehu ya samu karɓuwa. Bayan jihadi masarautun da ke yaƙar juna sun koma ƙarƙashin tuta ɗaya, rubutu da karatu sun bunƙasa har ga mata ta hannun Nana Asma'u. Amma sarautu irin su Galadima da Madaki sun ci gaba, birane masu ganuwa sun ci gaba, bauta ma ta ci gaba. Ɗalibin da ya iya faɗin duka biyun shi ke cin maki. Idan ya ƙara da cewa a shekarar 1804 ɗin nan ce Haiti ta ayyana 'yancinta bayan bayi sun kayar da Faransa, ya nuna ya san duniya ba gari ɗaya ba ce.

Na huɗu, a yi rubutu da agogo. Yaro na iya sanin komai ya fito bai gama ba. Tun ana saura wata biyar ko shida a riƙa ɗauko tambayoyin shekarun baya, a saita minti 40, a ajiye waya, a rubuta, wani ya duba. Sau ɗaya a mako ya fi kwana uku na ƙarshe ana shan shayi ana jan ido. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san abin da wasu iyaye za su ce, domin an sha faɗa mini a taro: tarihi ba ya kawo abinci, mu likita da injiniya muke so. Ban raina wannan magana ba. Wanda ya yini a kara ko a shagon canji yana tara kuɗin makaranta yana da haƙƙin tambayar riba. Amma ku dubi abin da ake horar da yaron a kai: ya karanta takarda ya gano manufar mai ita, ya tsara hujja, ya rubuta a taƙaice kafin lokaci ya ƙure. Lauya da wannan yake ci, ɗan jarida da wannan, ɗan kasuwar da zai sa hannu a yarjejeniya da wannan. Kuma mu da ke zaune a Kudu muna da wani dalili na daban. Duk ranar da rigima ta tashi, tambayar farko da ake jefa wa ɗanka ita ce: yaushe kuka zo? Yaron da ya san an kafa unguwar Sabo ta Ibadan tun 1916, ya san Hausawa na cikin rundunar da Gwamna Glover ya kafa a Ikko a shekarun 1860, ya san yadda jirgin ƙasa da ya isa Kano a 1911 ya juyo da fataucin goro da shanu zuwa ƙasar Yarbawa, wannan yaron zai amsa da natsuwa, ba da zagi ba. Wannan ma tarihin duniya ne: juyin masana'antu a Ingila ya haifi jirgin ƙasa, jirgin ƙasa ya cika unguwarmu.

Saboda haka ga shawarata, kuma zan gabatar da ita a taron wata mai zuwa. Lesin ɗin Asabar da ƙungiya ke ɗaukar nauyi, na lissafi da Turanci, a ƙara masa awa ɗaya ta tarihi ga 'yan babbar sakandare, ko suna ajin kimiyya ko na adabi. A sayi taswirar duniya babba a manna a bango. Kowane mako a ɗauki takarda ɗaya a karanta, a yi muhawara, a rubuta shafi guda. Sau ɗaya a wata a gayyato dattijo daga cikinmu ya ba da labarin zuwan gidansu, yara su yi masa tambayoyi, su rubuta. Muna da tsofaffin da iyayensu suka je yaƙin Bama, kuma kullum raguwa suke yi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ku kuma iyaye, ba sai kun yi boko ba. Idan yaro ya dawo ya ce an koya musu abu kaza, ku tambaye shi: me ya jawo? Wa ya faɗa? Tambayoyin nan biyu su ne rabin jarrabawar.

'Yar wana ta sake kira na makon jiya, kan taron Balin na 1884 da rabon Afirka. Wannan karon na yi nawa karatun kafin ta bugo.

Mai gyara ko ƙarin bayani ya kawo, mu hallara a taro da shi. Allah Ya ba 'ya'yanmu sa'a, na gida da na waje, Ya sa mu dace.

Naku,
Sakataren Ƙungiya