Kafin ka ɗaure jakar tafiya Chaina, fara shirya wayarka

Matasanmu na ta tafiya ƙasar Sin. Wasu karatu ke kai su, wasu saro kaya a Guangzhou da Yiwu, wasu kuma rakiyar iyayen gidansu na Kantin Kwari. Shirin kusan iri ɗaya ne: biza, tikiti, 'yan daloli, sai yaji da garin kunu a ƙasan jaka. Abin da ake bari sai an sauka shi ne wayar hannu, alhali a can waya ita ce aljihu. Ra'ayin wannan fili shi ne, duk wanda ya hau jirgi bai shirya manhajar biyan kuɗi da sunansa ba, to ya miƙa wuyansa ga wani tun kafin ya isa.

Manhajoji biyu ne suka riƙe harkar: Alipay da WeChat Pay. Daga babban kanti har mai sayar da lemo a bakin titi, kowa na da lambar QR, wannan zanen mai kusurwa huɗu da ake haskawa da kyamarar waya. A tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, lambar da ke cikin manhajar za ka nuna wa ƙofa ta buɗe, ka sake nunawa a wurin fita a cire kuɗin. Tasi kuwa ta DiDi ake kira, kuma tana nan cikin Alipay. Abinci, sai ka shiga Meituan ka zaɓa, ɗan babur ya kawo maka har masauki. Ga Musulmi, nan wayar ke ƙara amfani: rubuta 清真, wato halal da Sinanci, gidajen abincin Musulmin ƙasar za su fito maka.

Wani zai ce, to tsabar kuɗi fa? Ba a hana ta ba. Hasali ma doka ta hana ƙin karɓar takardar yuan, kuma babban bankin ƙasar na cin tarar masu ƙi. Amma doka daban, canji daban. Ka miƙa wa mai shago yuan 100 ya tsaya yana kallonka, don ya kwana biyu bai riƙe canji ba. Odar abinci ta manhaja kuwa sai ka biya ta waya kafin a ɗora tukunya.

A da, baƙo na da uzuri, domin haɗa waɗannan manhajoji ba tare da asusun banki na ƙasar ba wahala ce. Yanzu uzurin ya ragu. Tun Yulin 2023 an buɗe ƙofa sosai ga katunan waje irin su Visa da Mastercard. A Maris ɗin 2024 babban bankin Sin ya ɗaga iyakar abin da baƙo zai biya a lokaci guda daga dala 1,000 zuwa 5,000, na shekara kuma daga dala 10,000 zuwa 50,000. Cinikin da bai wuce yuan 200 ba babu caji a kansa, abin da ya haura ana ɗora kashi 3 cikin ɗari. Ka ga kuɗin jirgi da na tasi da na abincin rana duk sun shiga cikin na kyauta.

Matsalar ɗan Najeriya daga gida take farawa. Daga 2022 bankuna da dama sun dakatar da amfani da katin naira a waje, sai a 2025 wasu suka dawo da shi, shi ma da iyaka. Don haka kada ka ɗauka katin da ke aljihunka zai yi aiki. Je banki ka tambaya, in da hali ka buɗe asusun dala ka karɓi katinsa. Ka sauke manhajojin tun kana gida, domin Google Play ba ya buɗewa a can, kamar yadda WhatsApp da Facebook ba sa buɗewa a intanet ɗin ƙasar. Ka kammala tantancewa da fasfonka, ka kuma tabbatar layinka zai karɓi saƙo a waje, don ta nan lambar sirri za ta shigo. Aikin yamma ɗaya ne a gida. A filin jirgi kuwa, ga gajiya ga rashin yare, wallahi yana iya cinye maka yini.

Amsar da aka fi ji ita ce, "Ai akwai 'yan'uwa a can, za su biya min in ba su." Zumunci abu ne mai kyau, kuma da yawansu don Allah suke yi. Sai dai guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Wanda ke biya maka shi ke yanka maka farashin canji. Ranar da ya shiga aji ko ya tafi masana'anta, kai da yunwa ne. Sannan akwai haɗarin da ya fi wannan: 'yan sandan Sin kan rufe asusun da kuɗin damfara ya ratsa ta cikinsa, ko da mai asusun bai sani ba, kuma 'yan kasuwar Yiwu sun sha ganin haka ta hanyar canjin bayan fage. Idan kuɗinka na cikin asusun wani ranar da aka rufe, wa za ka kama? Haka nan kai ma kada ka ara wa kowa naka. Sunanka da fasfonka ne a jiki, duk abin da ya biyo baya kai za a nema.

Ba muna cewa manhajar ba ta da aibu ba. Duk inda ka je da abin da ka ci yana rubuce a wurin kamfani. Da katin waje ba za ka iya tura wa mutum kuɗi kai tsaye ba, kuma wani ƙaramin mai talla lambarsa na iya ƙin karɓa. Waya na mutuwa, sabis na ɗaukewa. Shi ya sa mai hankali ke riƙe 'yan ƙananan takardun yuan, da abin cajin tafi-da-gidanka, da adireshin masaukinsa rubuce da Sinanci a takarda. Kuɗin kwantena kuma ba na manhaja ba ne, ta banki ake biyansa da shaida a hannu.

Kiranmu ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da kamfanonin shirya tafiya, da masu tura ɗalibai karatu: ku sa wannan a cikin bitar da kuke yi wa matafiya. Wanda ya iya karɓar kuɗin biza ya iya ware awa ɗaya ya koyar da shi. Mu matasa kuma, mu zauna da Alhaji ko Hajiya mu haɗa musu, mu nuna musu har su iya, amma lambar sirri su sa da hannunsu.

Mun ga yadda ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya koya mana tiransifa dole, cikin layi da rana. Wancan a gida ne, inda mai shayi ya san ka har ya ba ka bashi. A Guangzhou babu mai ba ka bashin shayi.